Nasiha Ga Masu Niyyar Kafa Kasuwanci A Ƙasashen Waje



Kwanakin baya wani saurayi ya zo mana da wata mas'ala ta gado wadda har yanzu ba ta bar zuciyarmu ba. Mahaifinsa ya yi shekaru yana sayar da yadi da turare a Jidda, amma kantin da takardunsa da ajiyar banki duk da sunan wani ɗan ƙasa suke, shi kuwa yana ba shi wani abu kowane wata. Sun zauna lafiya, ba wanda ya ci amanar wani. Ana nan sai Allah ya yi wa mai sunan rasuwa. Magadansa suka duba takardu, suka ga kanti na ubansu ne, suka raba. Mai dukiya bai iya kai ƙara ba, domin ƙarar ita ce shaidar laifinsa. Ya komo gida da jakar tufafinsa, bai daɗe ba shi ma ya cika. Ɗan yana tambaya ko suna da hakki. Muka ce a wurin Allah suna da shi, amma alƙali da hujja yake hukunci, hujja kuwa babu.

Fatauci ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro su kan sauka wurin maigida a zango, shi ke lamunce su, ya nemo musu dillali, maganarsa ta isa. To, mutanenmu har yau maigida suke nema in sun isa baƙuwar ƙasa, alhali kuwa zamanin ya juya, hukuma takarda kaɗai ta sani.

Wannan aron suna shi Larabawa ke kira tasatturi, watau ɓoyewa. A 2020 Saudiyya ta fitar da sabuwar doka a kansa, ta fara aiki a 2021, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kuma yana hawa kan mai aron da wanda ya ba da aron. Sau da yawa mu kan ji ana cewa ai dokar mutum ce, ba ta Allah ba. Wannan kuskure ne. Wanda ya shiga ƙasa da biza ya shiga ne bisa alkawarin aminci, cika alkawari kuwa wajibi ne, ko ƙasar ta Musulmi ce ko ba ta Musulmi ba. Balle ga ƙarya a ciki, tun da an rubuta wa hukuma cewa dukiyar wane ce alhali ba tasa ba ce. Haka nan wanda ya tafi da bizar Umra ya ɓuge da kasa kaya.

Saboda haka kafin mutum ya sayar da gona ko gida ya yi guzuri, ya fara sanin abin da dokar ƙasar ta yarda baƙo ya yi. An ruwaito Sayyidina Umar ya kan hana wanda bai san hukuncin ciniki ba zama a kasuwa. Dokokin nan kuwa suna sakewa. A Dubai dā sai ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51 cikin ɗari na kamfani, amma tun watan Yuni na 2021 baƙo na iya mallakar kamfaninsa gaba ɗaya a yawancin sana'o'i. Kada kuma a ɗauka maƙwabta sun fi sauƙi. Dokar Gana ta 2013 ta shardanta wa baƙo mai saye da sayarwa jarin dala miliyan 1, kuma a kanta aka rufe kantunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. Kuɗin lauya a can, kome tsadarsa, bai kai kanti ba.

Sai maganar jari, domin galibi kuɗin 'yan'uwa a kan tara wa mai tafiya. In rance ne a ce rance ne, in ƙiradi ne a ce ƙiradi ne. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibai suka karanta a Risala, ƙiradi shi ne mai kuɗi ya ba mai juyawa, su raba riba bisa kashin da suka ambata, rabi ko sulusi. Hasara kuwa a kan mai kuɗi take, sai fa in mai juyawa ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Amma a ce kome ake ciki za ka riƙa aiko mini da kaza duk wata, uwar kuɗina kuma tana nan, wannan riba ce aka sake wa suna, ko da tsakanin wa da ƙane ne. A kuma ambaci irin kuɗin. Waɗanda suka ba da naira, mai tafiya ya canja ta zuwa dala, sun ga rigimar da ta biyo bayan faɗuwar naira a 2023 da 2024: wannan na lissafi da naira, wancan da dala, kowa na ganin an cuce shi.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu kunya ke hana mu, wai kada aboki ya ce ba a yarda da shi ba. Mai kantin Jidda ya yarda da abokinsa, abokin kuma bai ci amana ba, mutuwa ce ta raba su. A rubuta jari nawa ne, na wane ne, kashin kowa nawa, a sa hannu gaban shaidu biyu adilai, a kuma yi rajistar yarjejeniyar yadda kotun ƙasar za ta karɓa. A bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda magada suka sani, tare da sunan bankin da adireshin kantin.