Idan Sufeto Ya Zo Makarantar Ƙauye, Me Ya Kamata Ya Duba?

A ƙauyuka da dama na Arewacin Najeriya za ka tarar da makarantar firamare mai ɗakunan karatu biyu ko uku da malamai uku ko huɗu, ga yara tun daga aji ɗaya har aji shida. Hedimasta shi ne shugaba, shi ne malamin aji, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, wani lokaci ma shi ke bi gida-gida yana roƙon iyaye su sako 'ya'yansu. Irin wannan makaranta ta fi kowace buƙatar a riƙa leƙa ta, ita ce kuma masu dubawa suka fi daɗewa ba su taka ba.

Duba makarantu ya daɗe a ƙasar nan. Gwamnatin Tarayya ta kafa sashen sufetocin ilimi a 1973, shekara uku kafin shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, na 1976 ya cika ajujuwa da yara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta kafa hukumar UBEC, ta tanadi SUBEB a jihohi da hukumar ilimi a kowace ƙaramar hukuma, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko. Daga baya sufetoci suka koma jami'an tabbatar da ingancin ilimi, salon aikin ma ya sauya: makaranta za ta fara auna kanta, sannan jami'ai su zo su gwada abin da ta faɗa da abin da idonsu ya gani.

Tsarin ya yi kyau a takarda. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar ziyara. Da zarar labari ya iso, sai a share fili, a cike rajista, a kwana ana rubuta tsarin darussan da ba a koyar ba. Baƙo ya zauna a ofis ya buɗe littattafai, ya sa hannu, ya kama hanya kafin azahar. An duba takardu, ba a duba karatu ba.

Dubawa ta gaskiya daga bakin yaro take farawa. Jami'i ya ɗauki yara kaɗan daga aji uku ko huɗu, waɗanda shi ya zaɓa da kansa, ya ba su gajeren labari da Hausa su karanta, ya tambaye su abin da suka fahimta, ya ba su lissafin tarawa da ɗebewa. Ya buɗe littattafan rubutunsu ya ga ranar da malami ya yi gyara na ƙarshe. Wannan ɗan aikin ya fi dogon rahoto bayyana halin da makaranta ke ciki. Daga nan ya ƙirga kawunan da ke aji ya gwada da sunayen da ke rajista, ya bincika yadda zuwan yara yake ranar kasuwa da lokacin girbi, da aji nawa 'yan mata ke kaiwa kafin talla ta ɗauke su.

Sai malamai. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ta kuma tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Amma takarda kaɗai ba ta isa shaida ba. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar da ta dace da ɗan aji huɗu, sama da 21,000 suka kasa samun makin da aka gindaya. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da ita, sai dai ta nuna an shafe shekaru ba a zauna a bayan aji an saurari darasi ba. A ƙaramar makaranta malami ɗaya kan haɗa aji biyu a ɗaki guda. Adalci shi ne a duba ko ya iya ba rukuni ɗaya aiki yayin da yake koyar da ɗayan, in bai iya ba a koya masa.

Shugabanci kuwa ba a ofis ake gane shi ba. Hedimasta nagari yana riga kowa zuwa, yana shiga ajin malamansa ya saurara, ya yi gyara a keɓe ba a gaban yara ba. Ya san yaron da ya yi mako bai zo ba, ya san dalili. Kuɗin da ya shigo, komai ƙanƙantarsa, yana rubuce, kuma kwamitin kula da makaranta na SBMC, wanda ya haɗa mai gari da iyaye mata da maza da malamai, ya san inda ya tafi. Jami'in da ya tafi bai zauna da wannan kwamiti ba, bai ji ta bakin iyaye mata ba, rabin labari ya ɗauka.

Sai dai kada a ɗora wa hedimasta abin da ba a hannunsa yake ba. Ba shi ke ɗaukar malamai ba, ba shi ke gina makewayi ko haƙa rijiyar burtsatse ba. Rahoto mai amfani yakan raba nauyi gida uku: na makaranta, na al'umma, na hukuma, ya faɗi wanda zai yi kowane aiki da lokacin da za a gama. A karanta shi a gaban iyaye da harshen da suke ji.

Abin da ya rage shi ne komawa. Ziyarar da ba a biyo ta da wata ba, gajiya ce kawai ga kowa. Ya wajaba hukumomin SUBEB su ba jami'ansu babur da kuɗin mai, don kada su dogara da aljihun makarantar da suka je dubawa, su kuma sa makarantun lungu a farkon jadawali. Iyaye su ma suna da haƙƙin tambayar sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yaushe aka duba makarantarsu, me aka gano, me aka gyara. Yaron ƙauye shekara shida kawai yake da ita a firamare, in ta wuce bai iya karatu ba, babu mai biyan sa.