Kanwa Daban, Fotasiyam Daban

Ya ku malamai da fatake, ku sani akwai sinadari cikin abinci mai suna fotasiyam, yana daidaita bugun zuciya, yana sassauta hawan jini. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi aƙalla miligiram 3,510 kullum. Allah Ya ajiye shi cikin wake, dankali, gyaɗa, alayyafo da dabino, ga su nan a kasuwar Gummi. Kanwa kuwa, ko da sunanta na Turanci ya yi kama da nasa, dangin gishiri ce.

Amma fa ƙoda ke fid da rararsa, dalma kuwa tana ɓata ƙoda. Saboda haka wanda gubar 2010 ta taɓa a Anka da Bukkuyum ya fara tambayar likita. Haza wassalam.