Jadawalin Yawan Aukuwa: Darasi Daga Kantuna Uku na Birnin Niyok

Yawancin abin da mai nazarin harshe yake tattarowa ba a auna shi da ma'auni, rarraba shi ake yi gida-gida. Kalma suna ce ko aikatau, suna namiji ne ko tamace, mai magana ya furta wani sauti ko ya bar shi. Irin waɗannan su ake kira bayanan rukuni a ilimin ƙididdiga, kuma matakin farko na taƙaita su shi ne jadawalin yawan aukuwa. Ana jera rukunonin, a gaban kowane a rubuta sau nawa ya auku, sannan a raba adadin da jimilla domin a fitar da kasonsa cikin ɗari. Aikin yana da sauƙi a ido, amma a nan ne sakamakon bincike yake tsayuwa ko ya rushe.

A watan Nuwamba na 1962, William Labov ya shiga manyan kantuna uku a birnin Niyok na Amurka: Saks na masu hali, Macy's na matsakaita, da S. Klein mai kayan araha. Yana so ya gano ko furta sautin /r/ bayan wasali, wanda ya fara zama alamar daraja a Ingilishin birnin, yana bin matsayin kantin. Sai ya riƙa tambayar ma'aikata inda ake sayar da wani kaya da ya san yana hawa na huɗu. Amsar ita ce fourth floor, kalmomi biyu masu ɗauke da /r/. Daga nan ya yi kamar bai ji ba, a maimaita masa da ƙarfi. Ta haka ya samu amsoshin mutum 264, ya kasa su rukuni uku: masu furta /r/ a ko'ina, masu furta shi a wani wuri, da waɗanda ba su furta shi ko kaɗan. Ga kason kowane rukuni cikin ɗari:

Saks, mutum 68: ko'ina 30, wani wuri 32, ko kaɗan 38
Macy's, mutum 125: ko'ina 20, wani wuri 31, ko kaɗan 49
S. Klein, mutum 71: ko'ina 4, wani wuri 17, ko kaɗan 79

Idan aka haɗa rukunoni biyu na farko, masu furta /r/ ko da sau ɗaya sun kai kashi 62 a Saks, 51 a Macy's, 21 a S. Klein. Tsarin ya fito sarai: gwargwadon darajar kanti, gwargwadon yawan /r/. To amma da a ce an tsaya ga ƙirga kawuna kawai, da labarin ya juye. Kashi 51 na mutum 125 ya kai kimanin mutum 64, alhali kashi 62 na mutum 68 bai wuce kimanin 42 ba. Mai duba tsagwaron adadi zai ce Macy's ce a gaba, ba don komai ba sai don an fi tambayar mutane a can. Shi ya sa ba a kwatanta ƙungiyoyin da girmansu ya bambanta sai da kaso. Kason kuma ba ya tsayawa shi kaɗai: dole a rubuta jimillar da aka raba da ita, domin kashi 50 na mutum huɗu da kashi 50 na mutum ɗari huɗu ba nauyinsu ɗaya ba.

Haɗa 30 da 32 ya halatta ne saboda rukunonin Labov suna da jeri, daga mafi yawan /r/ zuwa babu. Wasu rukunonin ba su da shi. Ɗalibin da ya tambayi mazauna wata unguwa a Yamai harshensu na farko zai samu Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci ko Barbarci, kuma babu wanda yake sama da wani. Idan ya ba su lambobi daga 1 zuwa 5 domin shigar da su kwamfuta, lambobin laƙabi ne kawai. Kwamfuta za ta fitar da matsakaicinsu idan an umurce ta, amma matsakaicin Hausa da Buzanci ba shi da ma'ana. Abin da za a iya faɗa shi ne rukunin da ya fi rinjaye da kason da ya samu.

Sharuɗɗa biyu suke tabbatar da ingancin rukunoni: kowane abu ya samu gida, kuma kada abu ɗaya ya shiga gida biyu. Wanda ya tashi da Hausa da Zabarmanci tare, ina za a saka shi? Ana yanke wannan shawara kafin a fara ƙirga, a bayyana ta a ƙarƙashin jadawalin. Haka nan a fayyace abin da ake ƙirgawa. Mai nazarin furucin "fita" da "hita" a Hausar Maraɗi ko ta Tawa zai iya ƙirga masu magana, ko ya ƙirga kowace aukuwar kalmar. Idan ya zaɓi na biyu, mutum ɗaya mai yawan surutu zai iya rinjayar jadawalin gaba ɗaya.

Taƙaitawa kuma tana ɓoye wani abu. Da Labov ya sake kasa ma'aikatan Macy's bisa aikinsu, ya tarar masu kula da sashe sun fi masu sayarwa furta /r/, masu sayarwa kuma sun fi masu jera kaya. Kashi 51 ɗin nan ya lulluɓe bambanci irin wanda yake tsakanin kantunan kansu. Saboda haka, ɗalibin da ya kammala jadawalin kundinsa ya duba ko kason ya cika ɗari, ko ya rubuta jimilla, sannan ya gwada kasa kowane layi bisa shekaru, jinsi ko sana'a kafin ya rubuta sakamakonsa.