Kabad Ɗin Lungun Sama a Kicin: Me Ake Ajiyewa, Me Ake Gudu?

Yawancin gidajen hayar da ake ginawa yanzu a Kano, Kaduna, Zariya da unguwannin gefen Abuja, kicin ɗinsu da ƙyar mutum biyu za su tsaya su juya a ciki. Ga amarya kuma ta zo da kaya niƙi-niƙi: setin tukwane, kuloli, tangaran, kofunan gilas, robobi, injin markaɗe. Ranar jere in ko'ina ya cika, sai 'yan uwa su ɗaga kai su hango kabad ɗin da ke can sama inda bango biyu suka haɗu, su tura sauran kayan ciki su rufe. Wasu kayan daga ranar ba mai sake ganinsu sai ranar tashi daga gidan.

Laifin ba na matar gida ba ne, haka ƙirar wurin take. Kabad ɗin sama zurfinsa kan kai santimita 30, ana kuma kafa shi wajen santimita 140 daga ƙasa. Amma na kusurwa, wanda ƙofarsa ke karkace, yana cin santimita 60 ta kowane bango, don haka daga bakin ƙofarsa zuwa can ƙurya ya haura santimita 60, ƙofar kuwa faɗinta kaɗan ya wuce 40. Ciki babba, baki ƙarami. Ƙara da cewa akwai teburin girki a gabanki da ke hana ki matsawa. Mace mai matsakaicin tsayi, gaban hawa na farko kawai hannunta zai taɓo. Akwai ma wani samfurin da ya fi wannan ban haushi, inda kafinta ke jingina kabad ɗaya a jikin ɗaya, rabin cikinsa ya ɓuya a baya, sai an cusa hannu har kafaɗa ana lalube cikin duhu.

Wuri mai tsayi, mai zurfi, mai duhu, na kaya marasa nauyi ne, waɗanda ba sa ruɓewa, ba kuma kullum ake nemansu ba. Duk abin da ya fita daga wannan, a nema masa wani wurin.

Mu fara da nauyi, domin shi ne ke kai mutane asibiti. Kabad ɗin ƙasa a kan ƙafarsa yake tsaye, na sama kuwa 'yan sukurori ne ke riƙe da shi a bango. Bangon namu kuma bulo ne mai rami, sau da yawa yashinsa ya fi sumuntinsa. In kafinta ya buga ƙusar kankare kawai ya tafi, ko ya sa gajeren sukuru da bai wuce filasta ba, to kullum aka ƙara kaya ana ƙara janye shi daga bango. Galan ɗin man gyaɗa mai lita 5 ya haura kilo 4. Haɗa shi da tangaran dozin biyu da tukunyar ƙarfe, ki lissafa abin da ke rataye a saman kanki kina yanka albasa, wataƙila da goyo a baya. Katakon ma abin dubawa ne. MDF, wanda aka fi amfani da shi saboda araha da kyan fuska, garin katako ne aka matse da gam. In tururi ko damshin damina ya shige shi sai ya kumbura, ramin sukurun ya saki. Araha dai ba ta ado. Da zarar kin ga tsaga ta fito tsakanin kabad da bango, ko ƙofa ta fara sauka ba ta rufuwa daidai, ko katakon kanta ya lanƙwashe a tsakiya, sauke kayan a ranar, a kira kafinta. Ba abin da za a jira albashi ba ne.

Sai abinci. Mata da yawa na ganin tun da wurin sama yake, ɓera ba zai kai ba, sai su tura ledar garin masara, gyaɗa, busasshen kifi ko wake. Ɓera na bin bututu da wayar lantarki ya hau, ya kuma shiga ta ratar bayan kabad, kyankyaso kuwa duhu da ɗumi yake nema. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci yake yaɗuwa, kuma ya fi tsanani da rani. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke yawan nanata a zuba abinci a mazubi mai murfi. Gyaɗa da masarar da aka manta a wuri mai gumi kuma suna yin fumfuna, wata fumfunar na fitar da gubar da ke lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Abincin da ido ba ya gani kullum, ba a sanin ranar da ya ɓaci.

Kuskure na uku da kyakkyawar niyya ake yinsa. Uwa na son nesanta fiya-fiya, maganin ɓera ko kalanzir daga yara, sai ta ɗora su a lungun sama. Nesantawar daidai ce, wurin ne bai dace ba. Kwalba na iya tuntsurewa a duhu ta tsiyaya kan kwanukan da ke ƙasa, ko mai aiki ta laluba ta ɗauko kalanzir a gorar lemo. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da shagunan kayan masarufi saboda yawan mace-macen da ya jawo, amma har yau ana samunsa a kicin ɗin mutane. Guba wurinta daban, a wajen kicin, cikin mazubinta na asali, da kwaɗo.

To me za a sa? Can ƙurya da hawa na sama, kayan Sallah da na baƙi: manyan tire, kulolin roba, kwandon tsane shinkafa, madambaci na alminiyam, robobin rabon abincin suna, kayan yin kek. Hawa na ƙasa kuma, wanda hannu ke kaiwa, nan ne faifai mai juyawa ke da amfani. Tire ne zagayayye da ke juyawa a kan gindinsa, ana sayar da na roba da na katako, kafinta ma zai iya yanka filawud ya ɗora shi a kan boris. Ki jera ƙananan kwalaben kuka, busasshiyar kuɓewa, citta, kanumfari, masoro da yaji, kowacce da murfi mai ɗaurewa. In kina son na baya sai ki juya ya zo gabanki. A auna faɗin ƙofar kafin a sayo, kuma a zaɓi mai ɗan baki a gefe don kada kwalba ta zame ta faɗa ƙurya. In murhun gas ɗin na dab da kusurwar, kayan ƙamshi su koma wani wuri, don zafi na tafiya da ƙamshinsu. Ga kabad mai ɓoyayyen ciki, doguwar roba mai mariƙi ta isa: a zuba kayan ciki, a riƙa jawo ta gaba ɗaya. Ƙaramar fitila mai batir da ake mannawa a ciki ita ma tana rage lalube, kuɗinta ba shi da yawa.

Kuma don Allah a daina hawa kifaffen bokiti, turmi ko kujerar roba a kan tayil mai santsi, musamman mai juna biyu. Ƙaramin tsani mai taki biyu yana naɗewa ya shige bayan ƙofa.

Wanda bai riga ya yi kabad ba, ya zauna da kafinta tun kafin a yanka katako. Maigida, kai ne kan biya, amma a auna da tsayin wadda za ta yi girkin. A nemi kantocin da ake iya ɗagawa a sauke, a toshe bayan kabad da kewayen bututu, a kafa shi da dogayen sukurori da fisha a bangon biyu duka, a kuma gano inda wayar wuta ta bi kafin a huda. In kicin ɗin ya yi ƙanƙanta sosai, ba dole ba ne a yi ƙofa a kusurwar; buɗaɗɗun kantoci biyu ko uku sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin kaiwa, illarsu kawai ƙurar hunturu.

Wadda kuwa kabad ɗinta ya riga ya cika, ta ware yini guda ta sauke komai, ta goge, ta duba sukurorin, sannan ta mayar da marasa nauyi kaɗai. A riƙa yin haka kafin damina ta sauka da kuma bayan ta ɗauke.