Baki na ƙaruwa, gona na tsukewa

Ƙidayar 2006 ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 140 ne, yau kuwa an haura miliyan 200. Amma ƙasar noma ba ta haihuwa. Tsakanin Samaru da Sabon Gari gidaje da shaguna sun cinye filayen da a da dawa ke fitowa, gonar gado kuma ana ta raba ta tsakanin magada har ta kasa ciyar da gida guda. Tunda filin ba zai ƙaru ba, dole kowace kadada ta ƙara yawan abin da take bayarwa.

Ilimin yin hakan yana nan Samaru. Tun 1922 ake binciken noma a wurin, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da masarar SAMMAZ, da dawar SAMSORG, da waken SAMPEA 20-T na 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Wasu za su ce ingantaccen iri sai da takin zamani, buhunsa kuwa ya fi ƙarfin talaka. A kan masara suna da gaskiya. Sai dai wake da gyaɗa da waken suya suna mayar wa ƙasa ƙarfinta, don haka karɓa-karɓa da su, haɗe da takin gargajiya, na rage dogaro da buhun. Abin takaicin shi ne manomin Bomo ko Basawa, maƙwabcin cibiyar, bai cika ganin malamin gona ba, irin da yake saya a kasuwa ma babu tabbacin ingancinsa.