Amsoshin Wasiƙunku: Me Doka Ta Ce Game da Zubar da Ciki?

Wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya, daga Talata Mafara da Bakura da Maradun. Na Mafara, wani mai fataucin albasa ne da ke zuwa har Maraɗi da Kwatano, ya ce ya ji kowace ƙasa da irin dokarta a kan zubar da ciki, to mu wace ce tamu? Na Maradun kuwa tambayarsa ta fi nauyi: idan mace ta yi ɓari aka kai ta asibiti, shin ba za a kama ta a ce ita ta zubar ba?

To Malam, mu fara da gida. A arewacin Nijeriya akwai dokar Final Kod, wadda ake aiki da ita tun 1960. Sashe na 232 ya ce duk wanda ya sa mace ta zubar da ciki da gangan, ana iya ɗaure shi har shekara 14, sai fa idan da kyakkyawar niyya ya yi, don ceton ran uwar. A kudu wata dokar ce daban, ta zamanin Turawa: shekara 14 ga wanda ya yi aikin, 7 ga matar, 3 ga wanda ya ba da maganin ko kayan aikin. Nan ma an bar ƙofa ga likita idan ran uwa ne zai salwanta.

A Zamfara kuma, tun da Gwamna Ahmed Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999, aka soma aiki da ita a watan Janairu na 2000, Musulmi yana ƙarƙashin kundin hukunce-hukuncen Shari'a na jiha. Abin da fiƙihu ya ɗora wa wanda ya jawo zubewar ciki shi ne gurra, wato kashi ɗaya cikin 20 na cikakkiyar diyya, kimanin raƙuma 5. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi sauran tsanani a nan, don mafi rinjayen malamanta ba su yarda a taɓa ciki ba ko bai kai kwana 40 ba. Amma kundin Shari'ar ma ya keɓe ceton ran uwa, kamar dai Final Kod. Ke nan duk dokokin nan uku sun haɗu a wuri guda.

Da ka tsallaka iyaka sai lissafi ya sake. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar lafiyar haihuwa a 2006, ta yarda idan cikin na barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko likitoci sun ga ɗan tayin na ɗauke da muguwar cuta. Ghana tun 1985 ta haɗa da cikin fyaɗe. Jamhuriyar Benin, inda Kwatano take, ta faɗaɗa tata a 2021 har zuwa mako 12. Amurka ma da ake ganin komai a sake yake, a 2022 kotun ƙolinsu ta soke hukuncin 1973, ta mayar da maganar hannun jihohi, wasu suka hana, wasu suka bari. Sai dai ka sani, dokar Kwatano ba ta bin ka zuwa kasuwar Talata. Abin da aka yi a Mafara, da dokar nan gida za a auna shi.

Yanzu ga tambayar mutumin Maradun, kuma a nan muke so ku kasa kunne sosai. Ɓari ba laifi ba ne. Ciki da yawa yana zubewa da kansa a watanni ukun farko, ko saboda zazzaɓin cizon sauro, ko ba tare da an san dalili ba. Wankin ciki da ake yi wa mace bayan ɓari magani ne, babu dokar da ta hana shi, ko ta Shari'a ko ta boko. Ko da wani abu ta sha ya jawo, aikin ma'aikacin lafiya shi ne ya tsayar da jinin. Haka nan cikin da ya zauna a wajen mahaifa: ba zai rayu ba, in ya fashe kuwa jini ke tarar wa mace a ciki, fiɗa ce kaɗai mafita. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar wa likitoci da ƙa'idojin yadda za su yi irin wannan aiki bisa doka.

Abin da ke kashe matanmu shi ne jinkiri. A kwana biyu ana jiƙe-jiƙe, a je kemis a sayo ƙwaya ba awo, a jira maigida ya dawo daga fadamar Bakolori kafin a nemi mota, wani lokacin kuma kunya ce kawai, kada ƙauye ya ji. In kun ga jini yana zuba ba tsayawa, ko zazzaɓi mai zafi bayan ɓari, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara mai tsanani da jiri, to a tafi babban asibitin Talata Mafara ko mafi kusa da ku a ranar. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Magidanta, in za ku yi tafiyar fatauci ko cin rani, ku bar izini tun kafin ku fita, ku faɗa wa uwargida da ƙaninku cewa in ta kama a tafi asibiti ba sai an jira ku ba. Ku bar kuɗin mota. In an tashi tafiya kuma a ɗauki 'yan uwa biyu ko uku masu ƙarfi, don sau da yawa abin da za a fara nema shi ne wanda zai ba da jini.