Tsakuwa Ba Ta Shan Ruwa

Daminar 2024 ta rusa gidajen ƙasa ba adadi a jihar Maradi, har tsohon masallacin Damagaram ma ya zube a watan Satumba. Ba mamaki mai shirin gini a Tasawa ko Mayahi ya ji ana ce masa: zuba tsakuwa a ramin tushe, ka rabu da ruwa har abada. Maganar da ƙanshin gaskiya, amma an yi mata ƙari.

Gaskiya ne tsakuwa na hana danshi hawa. Ruwa na bin ƙananan kafofin ƙasa ya yi sama kamar yadda kananzir ke bin lagwani, shi ya sa za ka ga gindin katanga ya yi duhu, yaɓe na ɓarewa, wani farin gishiri na fitowa. Kafofin tsakuwa sun yi faɗi, ruwa ba ya iya hawa ta cikinsu. Shimfiɗa mai kaurin santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin daɓe, da leda mai kauri a kanta, tana aiki sosai.

Cewa tana shanye ruwa kuwa, wannan ba haka ba ne. Hanya kawai take ba shi, kuma sai hanyar na da mafita. A jigawa, inda rairayi ya yi zurfi, ruwa na nutsewa da kansa, da wuya ma a buƙaci dogon aiki. Matsalar tana kwarin Gulbin Kaba da unguwannin da ke bakin tafki, inda ƙasa ke da laka. Haƙa rami a nan, ka cika shi da tsakuwa ba tare da gangara ko bututun da zai kai ruwan nesa ba, to ka yi wa ruwa masauki a jikin tushenka. Tubalin ƙasa in ya kwana a jiƙe, laushi yake yi, nauyin soro ya ƙarasa shi.

Ana kuma cewa kowace tsakuwa ɗaya ce. A'a. Marmara da garinta tana daɓuwa ta toshe. Ta dace da ciko da ɗaga daɓe, ba da tsiyaye ruwa ba. Sai an tankaɗe, an wanke. A ƙasarmu mai ƙura da iska ma, tsakuwar da ba a lulluɓe da ƙyallen tacewa ba rairayi ke cike ta a hankali.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a kashe kuɗin tifa guda ta tsakuwa, a bar indararo guntu yana kwarara a gindin bango duk watan Agusta. A tsawaita shi, a zuba tsakuwa daidai inda ruwansa ke sauka don kada ya ƙwaƙule ƙasa, a ɗaga tushe sama da hanya, a kuma karkata tsakar gida ta sauka kamar santimita 15 cikin mita 3 na farko daga bango zuwa rariya.